Raya Tsibin Tarkacen Dutse a Busasshen Daji: Misalin Kalgoorlie

Gabatarwa

Duk inda aka fasa dutse, ko don a sami tsakuwar gini da ta hanya, ko don a ciro ma'adini, abu biyu ake bari a baya: rami da tsibi. Ramin kowa ya san shi. Tsibin kuwa shi ne tarin duwatsu da ƙasar da aka kwashe aka jibge a gefe saboda ba su da amfani ga mai haƙa. A wannan takarda za a riƙa kiran sa tsibin tarkace. An fifita kalmar tarkace a kan ɓaraguzai domin ɓaraguzai sun fi dacewa da abin da rusasshen gini ya bari, shi kuwa tarkace ya ƙunshi duk wani abin da aka tara aka yar.

Takardar za ta duba yadda ake sa tsire-tsire su kama a kan irin wannan tsibi a ƙasar da ruwan sama ya yi ƙaranci. Misalin da aka ɗauka shi ne yankin Kalgoorlie a jihar Yammacin Ostareliya, inda aka daɗe ana wannan aiki, aka yi kurakurai da yawa, aka kuma rubuta su. Zinariya ake haƙa a can, amma tsibin da mahaƙar zinariya ke bari da wanda mafasar dutse ke bari matsalarsu ɗaya ce, girma ne kawai ya bambanta su.

Ƙasar da dajinta

Kalgoorlie gari ne da ke kimanin kilomita 600 gabas da birnin Perth. Ya kafu ne bayan da wani mutumin Ailan mai suna Paddy Hannan da abokansa biyu suka tsinci zinariya a wurin a shekarar 1893. Sunan garin ya samo asali daga karlkurla, kalmar da mutanen asali na yankin ke kiran wani tsiro mai yaɗo da ake cin ƴaƴansa.

Ruwan da ke sauka a nan, a matsakaicin lissafi, bai wuce milimita 270 a shekara ba, wato bai kai na Tawa ba. Ga shi kuma ba shi da tsayayyar damina: wata shekara ya zo kaɗan-kaɗan a lokacin sanyi, daga Mayu zuwa Agusta, wata shekara kuma hadari guda na lokacin zafi ya zubar da rabin ruwan shekara cikin kwana biyu. Abin da rana da iska ke iya shanyewa a shekara ya zarce milimita 2,000. Duk da haka ƙasar daji ce, kuma babban daji, mai faɗin kusan hekta miliyan 16, da nau'o'in tsire-tsire fiye da 3,000. Manyan itatuwansa dangin itacen turare ne. Mafi shahara shi ne wani mai santsin jiki, mai launin ja-ja, wanda masana ke kira Eucalyptus salmonophloia. Yakan kai mita 20 ko fiye. Itatuwan suna tsaye ne jefi-jefi, a ƙarƙashinsu kuma akwai gajerun tsire-tsire masu toka-tokan ganye da ke jure gishiri.

A bakin garin ne babban ramin zinariyar yake, wanda aka fara a 1989 ta hanyar haɗe tsofaffin mahaƙai wuri guda. Tsawonsa ya kai kilomita 3.5, faɗinsa kilomita 1.5, zurfinsa kuma ya haura mita 600. Zinariyar da ke cikin tan ɗaya na dutse mai ma'adini ƴan giram ne ƙalilan, kuma kafin a kai ga wannan tan ɗin sai an kwashe ninkinsa na dutsen da ba komai cikinsa. Manyan tifofi masu ɗaukar fiye da tan 200 a sahu ɗaya su ke jigilar sa dare da rana. Sakamakon haka, tsibin tarkace a wannan yanki tudu ne sosai, ana hango shi daga nesa, kuma akwai irinsa da yawa warwatse cikin dajin.

Dalilin da tsibi ba ya raya kansa

Tarihin dajin kansa ya ba da amsa. Daga wajen 1900 zuwa 1965 an shimfiɗa ƙananan layukan dogo cikinsa don saro itacen da injunan mahaƙai ke ƙonawa da wanda ake tokare ramuka da shi. An ƙiyasta cewa an sare kimanin tan miliyan 30. Amma wanda ya bi ta waɗannan wurare a yau zai tarar da daji ya komo, ba tare da kowa ya dasa ba. Masu saran sun ɗauke itace, sun bar ƙasa yadda take, da irin da ke cikinta, da saiwoyi, da ƙananan halittun da ido ba ya gani.

Tsibin tarkace ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke cikinsa ya fito ne daga ƙarƙashin ƙasa, inda rai bai taɓa zama ba. Akwai danƙararren dutse da nakiya ta farfasa, wanda ruwa ke zurarewa ta tsakaninsa kamar rariya. Akwai farar laka da jar laka na saman rami, masu gishiri da sinadari irin na kanwa. Irin wannan laka da ta jiƙe sai ta narke ta bi ruwa, da ta bushe kuma sai ta yi ɓawo mai tauri. Akwai kuma dutse mai farar wuta a cikinsa, wanda in ya haɗu da iska da ruwa yakan fitar da asid mai kashe tsiro. Wannan na ukun ba a barin sa a fili, binne shi ake yi a tsakiyar tsibi a rufe. Saman tsibin kuma, inda tifofi suka yi shekaru suna takawa, ya zama abin da Bahaushe ke kira fako.

Ban ruwa ba ya cikin lissafi. Ruwan da garin ke sha ta bututu yake zuwa daga kusa da Perth, tafiyar fiye da kilomita 500, tun 1903. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa a wurare da yawa ya ninka na teku gishiri. Saboda haka duk abin da zai rayu a kan tsibin, da ruwan sama zai rayu, kuma aikin gaba ɗaya ya koma ga tambaya guda: ina ɗigon da ya faɗo zai tafi?

Siffar tsibi

Idan tifa ta juye dutse daga sama, yakan tsaya da kansa a gangare mai kimanin digiri 37. A irin wannan tsayuwa ƙasa ba ta zama, iri ba ya zama, katafila ma ba ta iya aiki. Matakin farko shi ne a kwantar da gangaren zuwa ƙasa da digiri 20. Wannan shi ne sashe mafi cin kuɗi a duk aikin, domin tura dutse da katafila ya fi sayen iri tsada nesa ba kusa ba. Shi ya sa kamfanin da ya san abin da yake yi yakan tsara siffar ƙarshe tun ranar da ya fara zubar da tarkace, maimakon ya jibge yadda ya ga dama ya dawo gyara daga baya.

An daɗe ana gina tsibi hawa-hawa kamar matakala: gangare, sai shimfiɗaɗɗen baranda, sai wani gangaren. Manufar ita ce barandar ta tare ruwan da ke gangarowa ta rage masa ƙarfi. A kan takarda dabarar ba ta da aibi. A fili kuwa, inda akwai lakar nan mai narkewa, sai barandar ta zama tafki. Ruwan da ya kwanta yakan sami ƴar kafa ya sulala ta ƙarƙashi, ya yi ta cin lakar har ya huda rami a ɓoye, wata rana rufin ramin ya rufta. Ko kuma barandar ta cika da yashi, ruwa ya tsallake ta wuri guda da ƙarfinsa duka. Ko ta wace hanya, ƙarshen abin kwazazzabo ne, kuma kwazazzabo in ya kama gefen tsibi ba ya tsayawa sai ya tono abin da aka binne.

An kuma gwada wata dabarar a jihar, ta sassaƙa ƙananan kwaruruka a jikin gangare da bakin katafila, kowanne ya riƙe nasa ruwan. Ɗalibin da ya san aikin raya fako a Nijar zai gane ta nan take, domin ƴar'uwar rabin wata ce da tassa, da ramukan da aka yi ta haƙawa a duwatsun Keita tun daga 1984. Tunanin ɗaya ne: a tsayar da ruwa a inda ya faɗi. Sai dai rabin wata yana yin kyau ne a gangare mai sauƙi. A jikin tsibi mai tsayi, idan kwarin sama ya cika ya ɓalle, ruwansa na biyu yake faɗawa, na biyu ya ɓalle cikin na uku, haka har ƙasa.

Daga waɗannan kurakurai ne aka koma kallon tuddan da Allah ya halitta a yankin. Tudun asali ba shi da matakala. Samansa ya fi tsayuwa kuma duwatsu ne suka lulluɓe shi, gindinsa kuma yana kwantawa sannu a hankali, ta yadda inda ruwa ya fi taruwa nan ne gangare ya fi sauƙi. Sababbin tsibai da yawa haka ake siffanta su. Ana kuma yi wa saman tsibin gefe mai ɗan tudu, a raba shi fangali-fangali, don kada ruwan sama ya zubo ta gefe.

A nan ne dutse, wanda da farko shi ne matsalar, ya zama magani. Idan aka gauraya farfasasshen dutse da ƙasar da za a shimfiɗa a gangare, yana karya ƙarfin ɗigon ruwa, yana hana ƙasa tafiya, yana yi mata inuwa, danshi kuma yana daɗewa a ƙarƙashinsa. Irin da iska ta kwaso ma a gindin dutse yake maƙalewa. Gangaren da aka share ya yi sumul yana da kyan gani ranar da aka gama shi, amma mai kaushi da gargada shi ke kai labari bayan ruwan farko. Aikin ƙarshe na katafila shi ne ta ja dogon haƙorin ƙarfe ta tsaga ƙasar a gicciye, tana bin kwanciyar tudun. Tsagar da ta karkata ko kaɗan zuwa ƙasa hanyar ruwa ce aka buɗe.

Fatar ƙasa

Abu mafi daraja a duk wurin haƙa, bayan ma'adinin, shi ne ƴar ƙasar da ke sama, wadda kaurinta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Za a iya kiran ta fatar ƙasa. Yawancin irin da ke kwance yana jiran ruwa cikin santimita 5 zuwa 10 na sama yake. Nan ne kuma ruɓaɓɓen ganye yake, da ƙwayoyin halittar da ke zama a saiwar wasu itatuwa suna samar musu da sinadarin da manomi ke nema a takin yuriya, da wata irin funfuna da ke manne wa saiwa tana taya ta jawo abinci.

Ƙa'ida ita ce a kankare wannan fata daban kafin a fara haƙa ko zubar da tarkace. Idan aka kankara da zurfi, aka haɗa ta da ƙasar ƙarƙashi, irin ya tsarma. Mafi kyau shi ne a ɗauke ta daga inda ake buɗewa a kai ta kai tsaye inda ake rufewa. Idan tilas sai an ajiye, ba a son tarin ya wuce mita 2, domin a cikin babban tari iska ba ta shiga, iri yana ruɓewa, ƙananan halittun suna mutuwa, kuma kowace shekara ta ajiya ragi ce. Matsalar tsofaffin tsibai ke nan: an tara su a zamanin da ba wanda ya damu da fatar ƙasa, tana can binne a ƙarƙashin miliyoyin tan na dutse. Ko a sababbi ma ba ta isa, saboda fuskar tudu ta fi filin da ya zauna a kai faɗi.

Iri

Dashe daga gandun reno ba ya yawa a nan, saboda tsiron da aka saba wa ban ruwa ba ya jure yaye. Watsa iri aka fi yi, nan da nan bayan tsaga, kafin ƙasa ta yi ɓawo, kuma gab da lokacin sanyi. Ana tattaro irin ne daga dajin da ke kusa, da izinin hukuma, domin nau'i ɗaya ma na wani yanki bai cika dacewa da wani yankin ba.

Masu fara kamawa su ne gajerun tsire-tsiren nan masu jure gishiri, dangin Atriplex da Maireana. Tsayinsu bai cika kai na sabara ba. Atriplex yana tara gishirin da ya sha cikin ƙananan ƙuraje a bayan ganyensa, shi ya sa ganyen ke da toka-toka. Kwanson irinsa ma yana ɗauke da gishiri, wanda ke hana shi tsira har sai an yi ruwa mai yawan da zai wanke shi. Yayyafi ba ya ruɗin sa. Bayansu sai dangin bagaruwa na Ostareliya, waɗanda yawancinsu ba su da ƙaya. Mutanen Maraɗi sun san ɗaya daga cikinsu, Acacia colei, da aka kawo musu daga arewacin waccan ƙasa. Irin waɗannan yana da ɓawo mai tauri, sai an zuba masa ruwan zafi kafin ya tsira, kamar yadda masu gandun reno ke yi wa ƴaƴan bagaruwa.

Wasu nau'o'in kuma hayaƙi suke jira. A dajin da gobara ke ci lokaci-lokaci, hayaƙi shi ne alamar cewa fili ya buɗe. A 2004 masana a Perth suka gano sinadarin da ke cikin hayaƙi mai tayar da iri, daga baya aka raɗa masa suna karrikin, daga kalmar karrik, wato hayaƙi a harshen Noongar na kudu maso yammacin jihar. Ana iya jiƙa iri da ruwan da aka ratsa hayaƙi cikinsa a sami wannan amfani.

Manyan itatuwan su ne masu wuya. Itacen turare ba ya ajiye irinsa a ƙasa, a kan reshe yake riƙe shi cikin ƙwanso, kuma wanda ya zubo ƙanana ne ƙwarai, tururuwa na kwashewa. Ko a cikin daji ba kowace shekara sababbi ke fitowa ba, sai bayan gobara ko guguwa ko ambaliya, in aka yi sa'a ruwa ya biyo baya. Don haka fatar ƙasa ba ta kawo su, sai an watsa da hannu, kuma a tsibi mai gishiri sau da yawa ba sa kamawa sam. A busassun wurare irin wannan, abin da ke zama tsiro daga irin da aka watsa yawanci bai kai ɗaya cikin goma ba. Shekarar da ruwa ya ƙi, sai a sake.

Abin da ya tsira kuma yana da masu jiran sa: zomaye, awakin da suka koma daji, da kangaru. A shekarar fari ɗanyen tsiron kan tsibi shi ne kore kaɗai a yankin, don haka shinge yakan zama dole. Akwai kuma baƙin ciyayi. A wasu sassan Ostareliya an shuka Cenchrus ciliaris, ƴar'uwar ƙarangiya da aka kai daga Afirka da Asiya, don ta rufe ƙasa da sauri ta kashe ƙura. Ta rufe ɗin, amma ta danne tsire-tsiren gida, kuma in ta bushe gobararta tana cinye itatuwan da ake son rayawa.

Awo da doka

Hoton tsibin da ya yi kore bayan ruwa ba hujja ba ce. Ciyayi masu kwana kaɗan suna iya rufe gangare a watan Satumba, su ɓace a Janairu. Saboda haka ake kwatanta tsibin da wani yanki na dajin da ba a taɓa ba, shekara bayan shekara. Hanyar da David Tongway na hukumar binciken kimiyya ta ƙasar, CSIRO, ya tsara ta shahara a wannan fanni. Mai awo yana miƙa igiya daga sama zuwa ƙasan gangare, yana rubuta kowane abin da ke tare ruwa da ganye, ko kututture ne ko dutse ko gindin tsiro, da tazarar da ke tsakaninsu. Daga nan ake gane ko ƙasar na zaune, ko tana shan ruwa, ko ganye na ruɓewa yana komawa cikinta. Wasu masanan kuma tururuwa suke ƙirgawa, domin yawan nau'o'inta yana nuna yadda sauran halittu ke dawowa. Babbar alama dai ita ce a ga tsiron da ba wanda ya watsa irinsa, ɗan waɗanda aka shuka tun farko.

Ta fuskar doka, tun 2011 jihar ta wajabta wa mai neman buɗe mahaƙa ya gabatar da tsarin yadda zai rufe ta. A 2012 kuma aka yi dokar asusun gyaran mahaƙai, wadda ta zama tilas a Yulin 2014. Kowace shekara kamfani yana zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin da aka ƙiyasta gyaran filinsa zai ci, kuma da asusun ake gyara wuraren da masu su suka karye suka bari. Biyan wannan kuɗi bai ɗauke wa kamfani nauyin gyara nasa filin ba. Sai dai mahaƙai sukan sauya hannu sau da yawa, daga babban kamfani zuwa ƙarami idan zinariya ta fara ja baya, kuma wanda tsibi ya ƙare a hannunsa sau da yawa shi ne mafi ƙarancin hali.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiyar abin da ake samu. Tsibin da aka yi wa aiki mai kyau, bayan shekara 15 ko 20, yakan zama tudu mai zaman lafiya, lulluɓe da gajerun tsire-tsire masu jure gishiri da dangin bagaruwa, da ƴan itatuwan turare a inda danshi ke taruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙura ta kwanta kuma laka ta daina malala cikin dajin da ke kewaye. Amma ba dajin da aka share ba ne, kuma rahoton da ya kira shi haka ya yi ƙari. A dajin asali akwai itatuwan da suka haura shekara 300. Kogon da aku da sauran tsuntsaye ke yin sheƙa a ciki ba ya samuwa a jikin itacen turare sai ya wuce shekara 100. Shi ya sa a wasu mahaƙai, idan za a share fili, ba a ƙone itatuwan da aka kayar. Ana jan gungumen a ajiye gefe tare da fatar ƙasa, idan an gama tsaga gangare a dawo da su a shimfiɗa a gicciye, su tare ganye da iri, gara ta ci, ƙadangaru su sami maɓoya.